Neman likitan ƙwaƙwalwa na yara a Legas: ƙofar da za a ƙwanƙwasa da abin da za a riƙa a hannu

A gidajen Hausawan Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Alaba Rago, maganar ba ta farawa da sunan cuta. Da ƙorafi take farawa. Malamin Islamiyya ya aiko cewa yaron nan ya hana aji karatu, ba ya zama wuri ɗaya ko na minti 5. Uwa ta lura 'yarta mai shekara 15 ta daina fitowa tsakar gida, ta rage cin abinci, dare ya tsala tana zaune idonta biyu. Wani yaron ya cika shekara 3 bai taɓa cewa "Mama" ba, kakarsa na cewa a ƙyale shi, ai ubansa ma ya yi nauyin baki. Daga nan sai a shiga zagaye: tofi, rubutu, hayaƙi, mai kemis na bakin layi. Sai an yi wata 6, wani lokaci shekara 2, sannan wani ya ambaci asibiti, shi ma murya ƙasa-ƙasa, domin a Ikko sunan Yaba kaɗai, inda asibitin ƙwaƙwalwa yake, ya isa ya sa uba ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne.

Gaskiyarsa ne, mafi yawan yaran da ake kaiwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba mahaukata ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 7 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori suna fara nuna kansu ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Galibinsu damuwa ce mai tsanani, ko fargaba, ko rashin natsuwa, ko jinkirin magana da fahimta. Mai tsince-tsince a bola da mutane ke hasashe idan an ce taɓin hankali ɗan ƙaramin yanki ne na aikin.

Abin da ya kamata iyaye su fara riƙewa shi ne, a wannan fanni ba na'ura ke gano ciwo ba, labari ne. Babu gwajin jini ko hoton kai da zai nuna yaro na da cutar damuwa ko galahanga, wadda asibiti ke kira autism. Likita yana ganowa ne daga abin da aka faɗa masa, da abin da ya gani da idonsa, da abin da makaranta ta rubuto. Don haka wanda ya rako yaron, da harshen da aka yi magana da shi, da takardun da aka taho da su, su ke yanke ingancin ganin likita. A nan ne kuma iyalan Hausawa na Legas suka fi yin asara, fiye da wajen sanin adireshi.

Likitan ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ne

Kalmar "likitan ƙwaƙwalwa" a bakinmu ta haɗa mutane da yawa, shi ya sa ake ɓata rana guda a layin da ba shi ba. Akwai wanda asibiti ke kira saikayatiris. Cikakken likita ne, ya yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekarar aikin koyo, sannan ya ƙara shekarun da ba su gaza 4 ba yana ƙwarewa a kan cututtukan tunani da halayya. Shi ke tantance lalura, shi ke rubuta magani. Cikin irinsu kuma akwai 'yan ƙalilan da suka keɓanta da yara da matasa. Duk Najeriya likitocin wannan fanni ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, na yaran kuwa sun fi ƙaranci nesa ba kusa ba. Sa'ar mazaunin Legas ita ce yana ɗaya daga cikin garuruwan da suka fi tara su.

Akwai masanin halayyar ɗan Adam, saikolojis. Ba ya rubuta magani. Aikinsa auna fahimtar yaro da basirarsa, da jinya ta hanyar zama da tattaunawa, da koya wa iyaye dabarun tafiyar da yaro mai wuyar sha'ani. Akwai likitan jijiyoyi na yara, niyurolojis, wanda farfaɗiya da shanyewar gaɓɓai da jinkirin tafiya suka fi shafa. Sai mai koyar da magana, da mai koya wa yaro amfani da hannu da kula da kansa, kamar cin abinci da saka riga da zuwa banɗaki.

A taƙaice, yaron da ke faɗuwa yana jijjiga, a fara da likitan yara ko na jijiyoyi. Yaron da bai yi magana ba, a fara da awon ji, domin yaro da yawa da ake zargi da galahanga kurumta ce ke damunsa, musamman wanda ya taɓa yin sanƙarau ko shawara mai tsanani yana jariri. Wanda halinsa ya sauya, ko barcinsa, ko karatunsa ya zube ba dalili, ko yake jin muryoyi, ko ya faɗa shaye-shaye, nasa na saikayatiris ne.

Abin da ba ya jiran ranar asibiti

Yaron da zazzaɓi ya rufe, ya fara sambatu, bai gane mutane ba, ko wuyansa ya sanƙare, ba sashen ƙwaƙwalwa za a nufa da shi ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da sanƙarau haka suke zuwa, kuma suna kisa cikin sa'o'i. Ɗakin gaggawa na yara mafi kusa za a kai shi, ko babban asibitin gwamnati na unguwa, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, ko na Jami'ar Jihar Legas, LASUTH, ko asibitin yara na Massey da ke cikin tsibirin Legas. Haka jijjigar da ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba. Kafin a isa, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai.

Na biyu shi ne matashin da ya fara cewa "gara in mutu in huta", ko yake yanka jikinsa, ko yake rabar da kayansa yana neman gafara ba gaira ba dalili. Kada a ce rigima ce. A zaunar da shi a tambaye shi kai tsaye cikin taushin murya ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa wa yaro tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. A ɗauke maganin ƙwari irin Sniper da fiya-fiya da tarin magungunan gida a kulle, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. In har ya riga ya sha wani abu, manja da madara da ake ɗurawa ba sa karya guba, sa shi amai kuma na iya tura gubar cikin huhu. A ɗauki kwalbar a tafi da ita. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 767 da 112.

Yarinya ko yaron da aka yi wa fyaɗe, akwai cibiyar Mirabel a cikin LASUTH da ke Ikeja, wadda aka kafa don wannan. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, saboda haka zaman sasanci na dangi ba shi ne farko ba.

Ina ake zuwa

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda ya samo asali tun 1907, shi kowa ya sani. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, yana da cibiya ta musamman ta yara da matasa a reshensa na Oshodi, inda ba a cakuɗa yaro da manyan majinyata. Wannan ne wurin da ya fi dacewa da yawancin matsalolin da muka ambata, domin likita da saikolojis da masu koyar da magana suna aiki tare. LUTH, wanda ke tsakiyar unguwar Hausawan Idi-Araba, yana da sashen saikayatiri da kuma likitocin jijiyoyi na yara. LASUTH a Ikeja haka, kuma shi ya fi kusa da mutanen Agege da Oko-Oba. Wanda ke can gefen Sango ko Agbado kuma, asibitin ƙwaƙwalwa na Aro da ke Abeokuta bai yi masa nisa ba.

Jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Wato kusan duk waɗannan asibitoci a kan layinsa suke. Ga yaron da hayaniya da cunkoso ke tunzura shi, wannan ya fi awa 2 a cikin danfo.

Asibitocin koyarwa sukan nemi takardar turawa. Ana samunta daga asibitin shan magani na unguwa, ko babban asibitin gwamnati, ko likitan kuɗi da ya saba ganin yaron. A roƙi a rubuta a jikinta cewa sashen yara da matasa ake nufi. Kowane sashe yana da ranakun da yake ganin sababbin marasa lafiya, don haka ya fi kyau wani babba ya fara zuwa shi kaɗai ya tambayi rana, ya yanki kati, ya ji abin da za a biya, sannan a kawo yaron. A yi sammako ranar, a riƙo abinci da ruwa. Yaro mai ƙiriniya da ya yi awa 4 a kan benci da yunwa ba shi ne yaron da kuka sani a gida ba, kuma wannan na iya karkatar da abin da likita zai gani.

Mai hali da ya zaɓi asibitin kuɗi, ya duba abu biyu. Shin likitan yana da rajista da MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi, kuma ya yi ƙwarewar saikayatiri? Ana gane wannan da haruffan FMCPsych ko FWACP bayan sunansa. Shin asibitin yana da rajista da HEFAMAA, hukumar da ke sa ido kan asibitoci a jihar Legas? Duk wanda ya yi alƙawarin warkar da galahanga cikin wata 3, ko ya ce a ajiye masa yaro iyaye ba za su gan shi ba, a juya.

Wa zai raka, me zai ce

Ɗauki misalin yaro ɗan shekara 9. An haife shi a ƙauye, kakarsa ta raine shi har ya kai 6, sannan aka kawo shi wurin ubansa a Mile 12. Uban yana kan kayan gwari, ba zai bar rumfa ba, sai ya haɗa shi da ƙanensa da ke jin Turancin Buroka. Likita ta tambaya, ya yi kuka da aka haife shi? Baffan ya ce bai sani ba. Ya yi shawara? Wata nawa ya zauna, yaushe ya yi tafiya? Ya taɓa jijjiga? Ya ce, "Likita, ni dai Yaya ya ce in kawo shi, ba ya jin magana." An biya kati, an yi layi, amma an fita da rabin amsa, domin mai labarin tana can Arewa.

Gyaran wannan ba shi da wuya. Wanda ya raini yaron shi ya fi cancanta ya zo. In ba zai yiwu ba, a kira shi a waya tun daren jiya a rubuta amsoshin, kuma a sanar da shi ya zauna kusa da waya lokacin ganin likita. Tambayoyin sanannu ne: yadda cikin ya kasance, ko naƙuda ta yi tsawo, a gida aka haihu ko asibiti, kukan farko, shawara, zazzaɓi mai jijjiga, buguwa a kai, lokacin zama da tafiya da kalmar farko, ko yaron sikila ne, ko iyayen auren zumunci suka yi, ko akwai mai irin wannan a dangi. Tambayar ƙarshen nan ita aka fi ɓoyewa, alhali tana cikin masu amfani. Ba don a tona asirin zuri'a ake yin ta ba, wasu lalurorin suna bin jini ne, kuma sanin hakan na taƙaita bincike. Yaron da bai kai 18 ba kuma sai da yardar uba ko uwa ko mariƙinsa ake fara masa magani, don haka ɗan aike ba ya wadatarwa.

A jaka a saka katin rigakafi, da sakamakon jarrabawa na zango 2 ko 3, da littafin rubutunsa na bara da na bana, da kwalin duk maganin da ya taɓa sha, har na gargajiya. A nemi malamin aji ya rubuta rabin shafi kan yadda yaron yake a makaranta, in da hali na Islamiyya ma ya faɗi nasa. Wannan ba ƙawa ba ce. Ciwon rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, wanda ake kira ADHD, ba a tabbatar da shi sai alamun sun fara kafin shekara 12, sun kai wata 6, kuma sun bayyana aƙalla a wuri biyu. Yaron da ke tayar da ƙura a gida kawai, a makaranta lafiya lau, sai a duba gidan. Idan kuma akwai faɗuwa, ko ƙurawa wuri ido na 'yan daƙiƙoƙi, ko wani motsi da ba a gane ba, a ɗauki bidiyo a waya. Bidiyon minti 1 ya fi bayanin rabin awa, domin da shi likita ke rarrabe farfaɗiya da suman da tashin hankali ke kawowa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Sai harshe. Yawancin likitocin Legas Turanci da Yarabanci da Buroka suke ji. Kalmarmu ta "damuwa" kuwa ta ɗauki baƙin ciki, ta ɗauki fargaba, ta ɗauki matsalar kuɗi. "Faɗuwar gaba", "kaina ya yi zafi", "zuciyata na tafasa", duk tafinta mai gaggawa zai dunƙule su a kalma ɗaya. Mafita ita ce a bar fassara ciwo, a faɗi abin da ya faru. Maimakon "iska ce ke taɓa ta", a ce: daren Talata ta tashi ƙarfe 2, ta yi ta magana ita kaɗai kamar minti 20, da safe ba ta tuna ba, kuma sau 3 ke nan a wannan watan. A tambaya tun a wurin kati ko akwai nas ko ma'aikaci mai jin Hausa. Kada a mai da yaron kansa tafintan uwarsa, kada kuma a ɗauko maƙwabcin da gobe labarin zai zaga layi.

Akwai ɗabi'unmu biyu da likitan da bai zauna da Hausawa ba zai iya yi wa gurguwar fahimta, ya kamata mai rakiya ya bayyana su. Yaro mai tarbiyya yana sunkuyar da kai gaban babba, alhali rashin haɗa ido na cikin abin da ake dubawa a galahanga. Bambancin shi ne, mai galahanga ba ya waigowa idan an kira sunansa tun yana ɗan shekara 1, ba ya nuni da yatsa don ya nuna wa uwarsa abin da ya burge shi, ko da ƙannensa ma ba ya haɗa ido. Na biyu alkunyar ɗan fari. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta, take kawar da kai idan ana maganarsa, ba ƙinsa take ba. In an ce wa likita al'ada ce, zai gane.

Matashi kuwa, likita zai nemi ganinsa shi kaɗai na ɗan lokaci. Iyaye da yawa sukan ji nauyin wannan, musamman idan budurwa ce. Ana iya neman likita mace, ko nas mace ta zauna a ɗakin. Amma kada a hana. Yarinyar da wani a gida ke taɓawa, ko yaron da ya fara shan taramol, ba zai buɗe baki gaban Baba ba. Likita yana riƙe sirrinsa, sai dai in akwai haɗari ga ransa ko ran wani, a nan dole a sanar da iyaye.

Magani, da inda ake tuntuɓe

Ba kowane yaro ke fita da takardar magani ba, kuma wannan ba alamar likita bai iya aiki ba ce. Yaro ɗan ƙasa da shekara 6 mai ƙiriniya, horar da iyaye ake farawa da shi: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, yabo nan take idan ya yi daidai, lokacin barci tsayayye, rage waya. Galahanga ba ta da ƙwayar da ke warkar da ita. Abin da ke ɗaga yaron shi ne koyar da magana da mu'amala tun da wuri, kuma rabin aikin a gida ake yi kullum. Fitsarin kwance ba a ɗaukarsa lalura sai yaro ya wuce shekara 5, ana fara duba fitsarin don ciwon sanyi ko suga ko sikila, duka da gori kuwa ƙara shi suke.

Idan an rubuta magani, ga wuraren da aka fi samun matsala. Maganin cutar damuwa da aka fi ba matasa, irin Prozac, yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa sosai. Iyaye sukan jefar da shi a mako na 2 su ce ba ya aiki. A makonnin farkon nan ne kuma ake son a ƙara sa ido, domin wasu yaran sukan ƙara rikicewa ko tunanin cutar da kansu ya taso, wanda in an gani a koma asibiti ba sai ranar da aka rubuta ba. Bayan an samu sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata 6, likita ne zai janye shi a hankali. Ritalin na masu ADHD yana rage cin abinci, yana iya hana barci in an sha da yamma, shi ya sa ake ba da shi da safe bayan karin kumallo, ana kuma auna nauyi da tsawo da bugun jini a kai a kai. Magani ne da doka ta tsaurara, ba kowane kemis ke da shi ba, a tambayi asibiti inda ake samu kafin na hannu ya ƙare. Risperdal da ake ba yaro mai duka ko cizon kansa yana buɗe ciki ya sa ƙiba, sai a kula da zaƙi da lemon kwalba.

Akwai wanda ya fi firgita iyaye. Yaro ya sha maganin taɓin hankali irin Haldol ko Largactil, bayan kwana 1 ko 2 wuyansa ya murɗe, idonsa ya kafe sama, harshe ya fito. Nan take sai a ce ai ga shi nan, mutanen ɓoye sun ƙi maganin asibiti. Illar maganin ce, sananniya, allura ɗaya ke kwance ta cikin mintuna, kuma akan haɗa da Artane ko a sauya maganin. Wannan na cikin dalilan da suka sa sayen "maganin barci" a kemis don a kwantar da yaro mai rigima yake da haɗari. Mai farfaɗiya da aka ɗora a kan Tegretol, in ƙuraje suka feso masa a makonnin farko, musamman da zazzaɓi ko gyambon baki, a kai shi asibiti a ranar. Epilim kuma yana iya nakasa ɗan tayi, don haka yarinyar da ta balaga, balle wadda ake maganar aurenta, dole a tayar da wannan zance da likita tun kafin biki. Maganin farfaɗiya ba a yanke shi kwatsam, ko don azumi. A je kafin watan ya kama a tsara lokutan sha tsakanin sahur da buɗa-baki, ko likita ya ce wannan yaron kada ya ɗauka bana.

Hoton ƙwaƙwalwa mai tsada ba kowa ke buƙatarsa ba. Gwajin da ake manna wayoyi a kai, EEG, na masu faɗuwa ne, kuma fitowarsa lafiya ba ta kore farfaɗiya.

Malam, mari, da shaye-shaye

Babu likitan kirki da zai hana iyali addu'a ko ruƙiyya. Hadisi ya tabbatar cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Inda ake cutar da yaro shi ne idan aka ce a ajiye ƙwaya sai an gama sauka, ko a yi masa hayaƙin barkono, ko a doke shi da sunan dukan aljani, ko a hana shi abinci. A gaya wa likita duk jiƙon da ake ba shi, domin wasu na karo da maganin asibiti.

Matashin da ya faɗa wiwi, ko taramol, ko kodin da gwamnati ta hana sarrafa maganin tarinsa a 2018, ko haɗin da samarin Legas ke kira Kolos, shi ne aka fi saurin cewa a mai da shi gida a kai shi gidan mari. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, da yawa yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, ya isa ya sa kowane uba ya dakata. Sarƙa na raba yaro da ƙwaya na 'yan watanni, ba ta taɓa abin da ya kai shi gare ta. A ƙarƙashin shaye-shayen matasa da yawa akwai cutar damuwa, ko ADHD da ba a gano ba, ko cin zarafin da bai faɗa wa kowa ba. A asibiti ana gwada fitsari a san abin da yake sha, a janye shi ta hanyar da ba za ta jawo masa jijjiga ba, a yi maganin abin da ke ƙasa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi mutuncin mai lalura da haƙƙinsa na samun kulawa ba tare da wulaƙanci ba.

Zuwa na biyu da na goma

Yawancin jinyar da ta lalace, ba a zuwan farko ta lalace ba. Yaro ya ɗan samu sauƙi, kuɗin mota ya yi nauyi, ranar asibiti ta faɗo ranar da motar kaya ke sauka, sai a daina zuwa. Bayan wata 4 ciwo ya dawo fiye da da. Kuɗin kati ba shi ne babban nauyi ba, maganin wata-wata ne da zirga-zirga da ranar kasuwa da ake rasawa. A faɗa wa likita gaskiyar aljihu tun farko. Yana iya rubuta irin maganin da ba na babban kamfani ba mai sauƙin kuɗi, yana iya tsawaita tazarar zuwa idan yaro ya daidaita, kuma asibitocin gwamnati suna da ofishin walwalar marasa lafiya da ke duba halin marasa ƙarfi. Mai katin inshorar jihar, Ilera Eko, ko ta tarayya, ya tambaya a rubuce abin da ta ɗauka. A asibitin koyarwa kuma ba lallai a ga likita ɗaya kullum ba, saboda haka a ajiye ɗan littafi a gida, a riƙa rubuta sunan magani da adadinsa da ranar da aka sauya da abin da aka gani, a zo da shi duk zuwa.

Makaranta ma a sa ta ciki. Takarda daga likita na iya sa a dawo da yaro bencin gaba, a daina yi masa bulala kan abin da ba ya iyawa. Wasu makarantun gwamnatin Legas suna da ajin yara masu buƙata ta musamman, ofishin LASODA na kula da masu nakasa kuma yana iya nuna mafi kusa.

In kuma shawara ta tsaya a kan mai da yaro Arewa wurin dangi, kada a ɗora shi a mota hannu rabbana. A nemi likitansa ya rubuta taƙaitaccen bayani mai ɗauke da sunan lalurar, da magungunan da aka gwada, da wanda ya karɓe shi da wanda ya ba shi matsala. A sayi maganin aƙalla wata 1 ko 2 a haɗa masa, a damƙa shi a hannun babba guda ɗaya da zai riƙa ba shi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, a Kano akwai na Dawanau da sashen saikayatiri na asibitin Malam Aminu Kano. A kai takardar can a yanki kati a makon farko da isarsa, tun maganin da ya taho da shi bai ƙare ba.